Yadda Ake Zaɓen Koton Ƙarya Don Kamun Tsage da Giwan Ruwa a Kogin Yamai

Shekara uku ke nan da ƙanena, wanda yake karatu a birnin Siyatil na jihar Washinton a Amurka, ya zo hutu Yamai da wani ɗan akwatin roba a cikin tsarabarsa. Da na buɗe sai na tarar da koton kifi na ƙarya wajen guda talatin a jere: waɗansu ƴan cokula ne na ƙarfe masu ƙyalli, waɗansu ƴan kifayen roba ne masu leɓe a gaba, mafi yawa kuwa ƙugiyoyi ne da aka ɗaure wa gashin tsuntsu da gashin dabba har suka ɗauki siffar ƴaƴan kifi. Ya san tun muna yara a Gamkalle ba abin da yake raba ni da bakin kogi, shi ya sa ya ce mini, "Yaya, da waɗannan ake fatsa a bakin tekun da ke kusa da mu, ka gwada su a nan mu gani." Na gwada su tsawon rani guda, fiye da rabinsu suka salwanta a ruwa, kuma daga wannan asara na fahimci yadda ya kamata mai fatsa a kogin nan namu ya zaɓi koton ƙarya, ko na saye ne ko na haɗin hannu.

Ya dace a fara da kifin da aka yi wa waɗannan kaya, domin dabarar masu kamunsa ita ce za ta yi mana amfani. Kifi ne na dangin tirawut da samon, wato kifayen ƙasashen sanyi, masana suna kiransa Oncorhynchus clarkii, sunan da aka raɗa masa don tunawa da William Clark, ɗaya daga cikin jagororin tafiyar binciken da ta ratsa yammacin Amurka tsakanin 1804 da 1806. Ana gane shi da jan zane biyu a ƙarƙashin muƙamuƙi, kamar an ja masa wuƙa a wuya. A ƙananan ƙoramu masu sanyi ake ƙyanƙyashe shi, idan ya tasa ya gangara teku, lokacin yin ƙwai kuma ya komo ƙorama, ana kuwa samunsa daga arewacin Kalifoniya har kudancin Alaska. Ba ya lulawa tsakiyar teku kamar samon. Gaɓa yake bi, a ruwan da sau da yawa bai wuce ƙugun mutum ba, kuma tsawonsa yawanci tsakanin santimita 30 ne da 45.

Masu kamunsa da lissafin watanni suke aiki. Daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da ƴaƴan samon suke fitowa daga ƙoramu tsawonsu bai wuce santimita 3 zuwa 5 ba, sai su ɗaura siririn koton gashi daidai wannan tsawo, mai duhun baya da farin ciki. Idan zafi ya shigo, ƴan kifayen teku sirara masu ɓuya cikin yashi suka yawaita, sai su koma koto mai ɗan tsawo irin Clouser Minnow, ko Rolled Muddler da aka ƙirƙiro a lardin Biritish Kolombiya na Kanada domin wannan kifi. A cikin sanyi, da ƴan kifi suka yi ƙaranci, ƙananan koto masu kama da jatan lande ne suke aiki. Wanda yake jifa da sanda mai injin naɗe zare kuma, ƙaramin cokali ko koto mai farfela na giram 4 zuwa 7 ya ishe shi. Suna jira sai ruwan teku ya motsa, ko yana cikowa ko yana janyewa, domin a lokacin ne kifin yake farauta, kuma a mashigin tekun Pujet Sawun, inda Siyatil take, doka ta wajabta a mayar da shi ruwa da ransa, a yi amfani da ƙugiya marar kunne. Abin da ya fi burge ni a wurinsu shi ne ba sa tambayar wane koto ya fi kyau a kanti. Tambayarsu ita ce me kifin yake ci a wannan wata, a wannan gaɓa, kuma girmansa nawa.

Da na kai kayan kogi, ƴan ƙananan koton gashin nan sun kamo mini kawara ba adadi, wani lokaci har da karfasa. Amma duk sa'ad da tsage ya kawo hari sai in ji zaren ya yi sako-sako, in jawo in tarar an yanke shi tsaf kamar da reza. Wata magariba kuma, kusa da wasu duwatsu a sama da Gudel, wani abu mai nauyi ya haɗiye ɗan kifin roban da nake ja, ya lanƙwasa sandar har ƙasa, ya yi tsalle sau ɗaya na ga azurfar jikinsa da faɗin bakinsa, sannan komai ya yi shiru. Koton ya dawo mini, sai dai ƙugiyarsa ta miƙe sambal kamar allura. An yi ta ne don kifin da bai kai kilo guda ba, ga shi ta haɗu da giwan ruwa. Tun daga ranar na daina kwaikwayon kayansu, na koma kwaikwayon tambayar da suke yi.

To, matakin farko ba a kasuwa yake ba, a bakin ruwa yake. Ka je da sassafe inda Sarkawa suke sauke kamun dare, ka duba ƙananan kifayen da suka maƙale a birgi, waɗanda ba a ma kula da su wajen ciniki, ka auna su da yatsa. Idan akwai mai gyaran kifi a kusa, ka tsaya ka ga abin da yake fitowa daga cikin tsage ko giwan ruwa idan an farke shi, domin gani ya kori ji. Wani dattijo Basarke da nake gaisawa da shi ya taɓa karɓar akwatina ya jujjuya, na ce masa, "Baba, wanne kake ganin zai yi a cikinsu?" Bai amsa ba sai da ya sa hannu cikin ruwan da ya taru a gindin kwalekwalensa ya ɗauko wata ƴar kawara mai tsawon ɗan yatsansa na tsakiya, ya ajiye ta kusa da kayan, ya ce, "Ɗana, wanda ya yi kama da wannan." A cikin talatin ɗin nan guda biyu kaɗai suka yi kusa da ita. Wannan shi ne ma'auni: tsawon koto da kaurinsa su dace da abin da ake ci a wurin. Kawara doguwa ce siririya mai walƙiya, ƴar karfasa kuwa gajeriya ce mai faɗi da duhu, kuma wanda ya riƙe siffofin nan biyu a akwatinsa, manya da ƙanana, ya riƙe mafi yawan abin da yake bukata.

Mataki na biyu shi ne sanin halin da kogi yake ciki, domin kogin namu Isa, wanda ƴan'uwanmu na kudu suke kira Kwara, sau biyu yake cika a Yamai kowace shekara, kuma cikar biyu ba ruwa ɗaya ba ne. Ta farko tana zuwa a Agusta da Satumba, daga ruwan daminar da rafukan Gorowol da Dargol da Sirba suke kwasowa daga wajen Burkina Faso, ruwa ne ja mai laka wanda idan ka tsoma hannu ba ka ganin tafinka. Ta biyu ruwan saman da ya sauka ne a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun tsakiyar Mali yana zubar da lakarsa, ya iso mana cikin hunturu, ya kai ƙololuwa wajen Janairu. Wannan ya fi na farko haske nesa ba kusa ba, amma yana da yawa da sanyi, ya bazu cikin burgu, ƙananan kifi sun sami maɓoya, manyan kuma sun warwatsu suna sintiri a gefen ciyawa. Daga ƙarshen Fabrairu ruwa yake fara ja da baya, duwatsu da tsibiran yashi su fito, har ya kai ƙarshen ƙanƙancewarsa a Mayu da Yuni. A 1985 ma sai da ya daina gudana gaba ɗaya a Yamai. Wannan tsakani, daga janyewar ruwa zuwa faɗuwar damina, shi ne kakar koton ƙarya, saboda ƴan kifi sun rasa ciyawar ɓuya, mafarauta sun taru a gurabe masu zurfi da mashigai masu gudu, ruwan kuma ya yi hasken da za su ga abin da ka jefa.

Tsage da ido yake farauta, da rana, a ruwa mai gudu, kuma sau da yawa a garke. Ɗan'uwan kawara ne na jini, ko da yake ita ce abincinsa, kuma wanda ya lura zai ga yana da wani ɗan fiffike na tsoka tsakanin fiffiken baya da wutsiya, irin wanda tirawut ma yake da shi, duk da ba dangi ba ne na kusa. Abin da yake tayar masa da hankali shi ne walƙiya da gudu, shi ya sa har yau ban ga abin da ya kai cokali ba a kansa. A zaɓi siririn cokali mai tsawon santimita 5 zuwa 8, nauyin giram 10 zuwa 20, fari kamar azurfa idan ruwa ya yi haske, na jan ƙarfe ko ruwan zinariya idan ya ɗan gurɓace. Siriri yana nutsewa da sauri kuma gudun ruwa ba ya ɗago shi, mai faɗi kuwa yana rausaya a hankali, ya fi dacewa da wurin da ruwa ya lafa. Koto mai farfela, irin Mepps da wani injiniya Bafaranshe mai suna André Meulnart ya ƙirƙiro a 1938, shi ma yana aiki ƙwarai, lamba 3 ko 4, sai dai yana murɗe zare, don haka dole a sa masa mahaɗi mai juyawa. Mahaɗin nan ya zama baƙi, domin idan mai ƙyalli ne tsage yakan bar koton ya kai masa cizo, ya yanke zaren daga sama. A jefa a ƙetare gudun ruwa, a ɗan karkata ƙasa, a bar shi ya nutse kaɗan, sannan a naɗe da sauri ba tsayawa. Mai sabon hannu yakan ji tsoron kada ya yi wa kifin sauri, alhali babu hannun da zai naɗe zare ya tsere wa tsage.

Wanda ba shi da hanyar samun na kanti kada ya damu, tsohon cokalin shayi ko na cin abinci yana zama koto mai kyau. A kai shi wurin maƙeran Katako su yanke mariƙin, su huda rami ɗaya a kowane ƙarshe, su goge bakin, a sa zobe a ramukan, a ɗaura zare ta siririn gefe, ƙugiya kuma ta faffaɗan gefe. A wanke shi da toka ko yashi mai laushi har ya riƙa ɗaukar ido.

Abu biyu ne suke raba mai kamun tsage da mai ba shi kyautar koto. Na farko waya ce. Haƙoransa suna shiga tsakanin juna kamar almakashi, babu nailan ɗin da yake jure musu, saboda haka a sa guntuwar waya ta santimita 10 zuwa 15 tsakanin zare da koto, mai ɗaukar kilo 10 zuwa 15. Idan ba a sami ta kanti ba, a warware wayar birkin keke a ɗauki silli biyu ko uku a murɗe su tare, kuma duk lokacin da ta tanƙware bayan kamu a canza ta, domin a wurin tanƙwarar take karyewa. Na biyu ƙugiya ce. Bakin tsage ƙashi ne, ƙugiya mai baki uku da ake sayar da koto da ita kuwa tana raba ƙarfin fizgarka gida uku, babu bakin da yake shiga sosai, da ya yi tsalle ya girgiza kai sai ya tofar da ita. A cire ta a sa guda ɗaya mai ƙarfi da kaifi, lamba 1/0 zuwa 3/0. Duk da haka mutum ya sa a ransa cewa waɗanda za su kuɓuce sun fi waɗanda za su shigo hannu, wannan halin kifin ne, ba laifin koto ba, kuma bai kamata a yi ta canje-canje a kansa ba.

Giwan ruwa kuma wani hali ne da shi dabam. Shi ne wanda ake kira kaftan a gidajen abincin Yamai, masana kuma suke kira Lates niloticus, yana iya kaiwa mita 2, kuma mafi girman da aka rubuta an kama da sanda ya haura kilo 104, a tafkin Nasir na Masar a shekarar 2000. Ba ya bin abinci da gudu mai nisa. Kwanton ɓauna yake yi a gindin dutse, ko ƙarƙashin kututturen da ya nutse, ko inda gudun ruwa ya karye ya koma baya, idan ɗan kifi ya gifta sai ya wage baki ya zuƙe shi tare da ruwan. Idonsa yana gani a duhu, wanda ya taɓa haska shi da tocila ya ga yadda yake ƙyalli kamar na kyanwa, shi ya sa asuba da magariba da farkon dare su ne lokutansa. A kogin Faro na arewacin Kamaru, wanda yake zuba cikin Binuwai, ita kuma ta zuba cikin kogin nan namu, masu fatsa da koton gashi da rana suke neman tsage, sai duhu ya shiga su koma kan giwan ruwa da manyan koto masu duhu.

Saboda wannan hali, a wurinsa zurfin da koto yake tafiya ya fi komai muhimmanci. Koton da ya wuce mita biyu sama da kansa kamar ba a jefa ba ne. Ɗan kifin roba ko na katako, irin wanda wani masunci ɗan ƙasar Finlan mai suna Lauri Rapala ya fara sassaƙawa a 1936, leɓensa ne yake nuna zurfinsa: gajeren leɓe mai kallon ƙasa yana tafiya kusa da sama, dogon leɓe mai miƙewa gaba yana nutsawa mita 3 ko fiye. A riƙe ɗaya na kowane iri, tsawon santimita 12 zuwa 18, kuma kada girman ya ba mutum tsoro, domin giwan ruwa mai kilo 3 ma yana haɗiye irinsa. A gurbi mai zurfi da duwatsu kuwa na fi son kifin roba mai laushi da ake soka wa ƙugiya mai kan dalma na giram 15 zuwa 30, saboda bakin ƙugiyar sama yake kallo, ba ya yawan maƙalewa, kuma idan ya maƙale asarar ba ta da yawa. A bar shi ya taɓa ƙasa, a ɗaga sanda a hankali, a bar shi ya sake sauka, sau da yawa a wannan saukar ne ake jin an riƙe. Ga yadda za a san an kai wurin: idan ka yi jifa goma koton bai taɓa dutse ko sau ɗaya ba, to sama kake, ka ƙara nauyi ko ka ƙara jira. A ja a hankali, a riƙa tsayawa, kamar kifin da ya ji ciwo.

Shi ba ya bukatar waya, haƙoransa ƙanana ne kamar sandifefa, amma suna cin zare, kuma murfin kumatunsa yana da kaifi da ƙayoyi. A sa masa nailan mai kaurin milimita 0.8 zuwa 1, tsawon kamu uku ko huɗu, a riƙa shafa shi da yatsa bayan kowane kamu, idan an ji kaushi a yanke a sake ɗauri. Zobba da ƙugiyoyin da suka zo da koto a gwada su da filaya tun a gida, duk wadda ta buɗe da ƙarfin hannu a cire ta, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Launi shi ne abin da mai saye yake fara kallo, a ganina kuwa shi ne na ƙarshe. A ruwa mai haske da rana, fari da azurfa da mai shuɗin baya. A ruwan da ya ɗan gurɓace, ruwan zinariya, ko ruwan lemo, ko kore mai haske. Da magariba da dare, baƙi ko baƙi da ja, domin kifi daga ƙasa yake kallo, abin da yake gani kuwa inuwa ce a jikin sararin sama, kuma babu inuwar da ta kai ta baƙi fitowa. Idan ba a samu cizo ba, a fara canza zurfi, sannan saurin ja, sannan girma, kafin a taɓa launi.

Koton gashi shi ne wanda na fi ƙauna, domin kusan duk kayansa suna cikin gidajenmu. Siffar da ta fi yi mini aiki ita ce ta Clouser Minnow, wadda Bob Clouser ya fito da ita a 1987 a kogin Saskwahana na jihar Fensilbeniya, kuma hikimarta a idanu take. Ana ɗaure idanu masu nauyi a bayan ƙugiya, ɗan nesa kaɗan da ramin zare, sai nauyin ya kifar da ita a ruwa, bakinta ya koma sama, koton kuma ya riƙa sunkuyar da kai duk lokacin da aka tsaya da ja. Ga yadda nake ɗaura nawa na tsage. Ina samun ƙugiya lamba 1/0 ko 2/0 mai doguwar ƙafa, in riƙe ta da filaya, in naɗe ta da zaren ɗinki mai ƙarfi. In yanko ƙwallo biyu a haɗe daga sarƙar nan mai ƙananan ƙwallaye da ake ja a kunna fanka, in ɗaure su a gicciye su zama idanu. A gefen idanun in ɗaura farin gashin wutsiyar akuya ko na rago, tsawon santimita 8 zuwa 10, shi ne ciki. In juya ƙugiyar, in sa silli huɗu ko biyar na leda mai ƙyalli da aka yanka sirara, a kansu in ɗora gashi mai duhu, shi ne baya, kuma gashin kanti da mata suke ƙarin kitso da shi yana yin wannan aiki, ya ma fi jure haƙori. In ƙulle zaren, in ɗiga masa gam ko jan farce. Kuskuren da kowa yake yi da fari shi ne cika gashi. Ɗan kifi a ruwa kusan ana hango haske ta jikinsa, don haka idan ka ɗaga koton ka kalli rana ta cikinsa ba ka ga haske ba, ka rage. Na giwan ruwa kuma akasin haka ne: ƙugiya 4/0 zuwa 6/0, dogayen gashin wuyan zakara shida ko takwas a baya, kai mai kauri wanda zai tura ruwa, tsawon duka ya kai santimita 15 zuwa 20.

Sandar da aka yi musamman don jifan koton gashi, wadda nauyin zarenta ne yake kai koton, ba ta samuwa a nan cikin sauƙi. Mai ita ya san lamba 7 zuwa 9 ce ta tsage, 10 zuwa 12 ta giwan ruwa, ita kuwa lamba 5 ko 6 da ake kamun tirawut da ita sai dai kawara. Amma rashinta ba ya hana aiki. Da sanda mai injin naɗe zare, a ɗaura ƴar dalma ta giram 7 zuwa 10 kamu huɗu sama da koton, ko a sa abin da yake yawo a saman ruwa mai ɗan nauyi idan ana son ya tsaya kusa da sama, a yi jifa a riƙa ja ana fizga kaɗan-kaɗan. A cikin kwalekwale ma ya isa a saki zare a bar gudun ruwa ya kai koton gefen burgu ko bakin kainuwa.

Idan jan ruwa ya zo a Agusta, gaskiya ita ce a rufe akwatin. Koto mai farfela babba ko mai ƙwallaye a ciki masu kaɗawa yakan samo ɗaya jefi-jefi a bakin rafi, amma wannan lokacin tana ne da ɗan kifi mai rai, lokacin tarwaɗa da ragon ruwa da ƙurungu, waɗanda da gashin baki da hanci suke neman abinci.

Kogin nan kuma ba namu ba ne mu kaɗai. Kafin a fara jifa a wurin da ba a saba ba, a gai da masuntan wurin a tambaye su inda taru da mamari suke, domin koto mai ƙugiya uku idan ya shiga taru ɓarna ce ga mutumin da da shi yake ci da iyali, kuma su ne za su faɗa maka inda dorina take kwana, wadda ba a kusantarta ko kaɗan, balle mai ɗa. A nemi takardar izini a wurin ma'aikatan ruwa da daji, a kuma kiyaye wuraren da jami'an tsaro suka hana tsayawa, musamman kusa da gadoji da dare. Tsayuwa cikin ruwan da ba ya gudu kusa da ciyawa tana jawo tsargiya, gara a yi jifa daga kan dutse ko daga jirgi. A sa tufa mai duhu a rage motsi, domin a ruwan rani kifi na ganinka tun kafin ka gan shi. Ina roƙon duk wanda ya kamo ƙaramin giwan ruwa da bai kai kamu biyu ba ya mayar da shi, mai yiwuwa bai riga ya hayayyafa ba, manya-manyan kuma mafi yawansu mata ne masu ɗauke da ƙwai. Idan aka matse kunnen ƙugiya da filaya, kamar yadda masu tirawut suke yi, sakin kifi yana sauƙi, haka ma cire ta daga yatsan mutum.

Bayan an dawo gida a ɗauraye kayan, a shanya su a inuwa kafin a rufe akwati, domin koton gashi da aka ajiye da danshi ƙugiyarsa tana tsatsa a ƙarƙashin zare inda ido ba ya gani, sai ranar babban kamu ta karye. Na roba mai laushi a ware shi a ledarsa, kada ya haɗu da na roba mai tauri, zafin Afrilu yana narkar da su su manne. A riƙe ƴar magagari a aljihu, kafin kowace fita a ɗora bakin ƙugiya a kan farcen babban yatsa a ja ta a hankali: idan ta kama farcen ta tsaya, ta yi; idan ta zame, a wasa ta daga gefe biyu zuwa tsini, a sake gwadawa, haka kuma bayan duk lokacin da ta daki dutse.